'Yan Shilan da Surukina Ya Bari

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, babba da yaro. Surukina ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar gida ya cika har bakin titi. 'Yan uwa na Ƙwanni suka tsallako iyaka bisa babura, na Gidan Katta suka iso, tsofaffin 'yan kasuwar albasa da suka yi zamani da shi suka jingine sandunansu suka jeru a tabarma.

Ni ina wajen murhu, amma katanga ɗaya ce tsakanina da rumfar maza, ina jin duk abin da ake faɗa. Wani tsoho ya ce mamacin mutum ne mai gaskiya. Wani ya ce ko a ciniki bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Wani kuma ya ce ai shi ba ya barin magana ta kwana a cikinsa. Na kasa kunne har aka shafa fatiha, ban ji wanda ya ce mutum ne mai tausayi ba. Su ma dai suna tsoron Allah.

A cikin gida Gwaggo, ƙanwarsa, ita kaɗai ta yi kuka na gaske. Sauranmu muka ja mayafi muka rufe fuska, kowace ta yi abin da ya sawwaƙa. Da yamma mijina, wanda shi ne ɗansa na fari, ya shigo ya tsaya a tsakar gida ya roƙi mata su yafe wa tsohon in ya taɓa saɓa musu. Aka bi ɗaya bayan ɗaya ana cewa an yafe. Da aka zo kaina ko yawu ban haɗiye ba na ce, "Na yahe mishi duniya da lahira." Kuma har cikin zuciyata na faɗa. Abin da ya biyo bayan wannan magana shi ya sa na zauna rubutun nan, don kada a manta da shi, kada kuma a manta da wadda ba a yi wa zaman makoki ba.

Shekara goma sha huɗu na yi a gidansa tun da aka kawo ni daga Kalmalo, kuma maganar da ya yi mini baki da baki ba ta wuce amsa gaisuwa ba. Ni matar ɗan fari ce, kunya ta raba mu. Ba na kama sunansa, Baba nake cewa. In zai shigo sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, in durƙusa in kau da kai in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Wanda ya gan mu zai ce ba suruka da suruki masu zaman lafiya kamarmu.

Sai dai ɗakin tantabarunsa yana bayan ɗakina, bangonsu ma ɗaya. Ɗan ɗaki ne na ƙasa da ƙofar langa-langa, ya jera tukwane a ciki, kowace mata da miji da tukunyarsu. Sau biyu a rana yake zuwa, da hantsi da bayan la'asar, da 'yar ƙwaryarsa ta gero. Kuma Baba mai hira da tsuntsaye ne. Duk abin da kunya ta hana shi faɗa mini, sai ya faɗa wa tantabara.

In gishiri ya yi yawa a miya, washegari sai in ji shi ta taga yana watsa gero yana cewa, "Ku ci abinku, ku Allah Ya hutasshe ku, ba mai zuba muku gishiri da ludayi." In na je Kalmalo na ƙara kwana ɗaya bisa abin da aka yi da ni, sai in ji, "Tantabara ta ƙwarai kahin magariba tana bisa tukunyatta. Wadda tak kwana waje, a dibi gidan da anka ɗauko ta." Ba ni da bakin amsawa, don ba da ni yake ba. Sai in ci gaba da tankaɗena ina tafasa.

Ta wannan tagar na koyi kiwon tantabara kaf ba tare da na taɓa ko ɗaya ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, ban ga mai kula da uwa da uban tsuntsu kamarsa ba. Ranar da mace ta yi ƙwai sai ya ja layi da gawayi a jikin bango, kullum ya ƙara ɗaya, in sun kai goma sha takwas ya san ƙyanƙyasa ta zo. A kwanakin nan ba mai kusantar ɗakin, ko tsintsiya ba ya yarda a buga a wajen. Yakan haɗa musu gero da dawa da ƙananan wake, ya jiƙa 'yar kanwa a ruwan shansu, ya farfasa tsohuwar ƙasar bango ya ajiye musu su tsattsaga. Tukwanen kuwa da toka yake share su saboda ƙuma. Namijin tantabara shi ke hawa ƙwai daga hantsi zuwa la'asar don macen ta fita ta ci, kuma Baba ba ya yabon wannan hali sai ya ga mijina zai gifta. "Ga namiji," zai ce. "Ba a aike shi ba ya san aikinshi."

Kowace tantabara da sunanta. Akwai Gurguwa, akwai Mai Wuya, akwai 'Yar Ƙwanni, wata fara mai ɗigon baƙi a fiffike da ya fi ji da ita. Ya kira su su sauko bisa kafaɗarsa. Ɗansa na fari kuwa, har ya yi furfura a gemu, "wancan" ne sunansa a bakin ubansa. An ce kunyar ɗan fari ce, kuma haka ne, amma Baba ya same ta daidai da halinsa.

Yana da wata doka guda, wadda duk unguwar ta sani, har kyanwoyi. Tantabara ƙwai biyu take yi, 'ya'ya biyu take ƙyanƙyashewa, kuma galibi ɗaya yakan fi ɗaya. Ranar kwana uku da ƙyanƙyasa sai Baba ya sa hannu a tukunya ya ciro su, ya ɗora ɗaya a tafin dama ɗaya a na hagu, ya ɗan ɗaga wannan ya ɗaga wancan. Wanda ya fi nauyi ya mayar wa iyayen. Ɗayan ya wurga shi ta bisa katanga zuwa juji, da ransa. Daga ɗakina ina jin faɗuwarsa, ba ta da ƙara, kamar an yar da lomar tuwo. Sannan ya ce, "Uwa guda, baki biyu. Guda shi ƙoshi ya hi biyu su rame."

Iyayen su ɗan leƙa tukunya su zaga, su yi gurnaninsu, su koma ɗura wa wanda ya rage. Kuma 'yan shilan Baba, wato 'ya'yan da suka fara gashi, babu kamarsu a Illela wajen ƙiba. Har daga tsallake ake zuwa neman irinsu. Wa zai yi gardama da mutumin da aikinsa ke kyau?

Shekara tara da suka wuce na haifi tagwaye, duka mata. Haihuwata ta uku ce, don haka ban je gida wanka ba, Gwaggo ce ta tare a ɗakina tana yi mini ruwan zafi. Babbar ta zo da kukanta da ƙarfinta. Ƙaramar ta biyo ta shiru, cinyarta ba ta fi babban yatsana ba, in ta kama nono sai ta ja sau biyu ta saki. A asibiti aka ce mini in riƙa manna ta da fatar ƙirjina don ɗumi, in tatsa in ba ta da cokali kaɗan-kaɗan, kada in bari ta daɗe ba ta sha ba ko da barci take. Suka ce irinta da yawa suna tashi. Haka na riƙa yi.

Kwana uku da haihuwa Gwaggo ta kai su zaure kakansu ya yi musu addu'a. Ta dawo fuskarta a haɗe, ban san dalili ba sai daga baya ta gaya mini. Wai da ta miƙa masa, sai ya karɓi ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, ya ɗan ɗaga wannan ya ɗaga waccan. Ya tofa addu'a ya mayar mata.

Washegari da hantsi ina zaune da ƙaramar a ƙirjina, cokali a hannuna, na ji gyaran muryarsa a bayan ɗaki. Na ji ya buɗe langa-langa. Can sai ya ce, da murya sama da yadda ya saba, "Uwa guda, baki biyu. Guda shi ƙoshi ya hi biyu su rame. Uwad da tan nace ma wanda ba shi tashi, duka biyun taka rasawa." Sai na ji faɗuwar abin a juji.

Gwaggo ta tashi ta rufe taga. "Toshe kunnenki, ɗiyata," ta ce. "Da tsuntsayenshi yake." Mu duka mun san da wa yake.

Ana gobe suna aka shigo da rago aka ɗaure a gindin dalbejiya. Gwaggo ta jira na biyu har la'asar, ba ta gani ba. Ta tare yayanta a tsakar gida, ƙwaryar gero a hannunsa, kuma wannan ce kaɗai ranar da na ga wani ya tsaya gabansa.

"Yaya, ɗiya biyu anka haihwa gidan ga. Ina rago na biyu?"

"Guda anka haihwa," ya ce. "Gudar leƙowa tay yi."

"Kai ka rabon kwana yanzu?"

"Ba ni rabon kwana. Amma shekara arba'in ina ɗaukar ɗiyan tsuntsu bisa hannun ga, na san nauyin mai zama. In ta kai arba'in, ni da kaina in yanka mata biyu."

"Ɗiyar mutum ta, ba ɗiyar tsuntsu ba. Ka ji tsoron Allah."

"Shi nika tsoro, shi as sa ba ni ƙarya."

Ya wuce wajen tantabarunsa. Mijina yana tsaye a wurin tun farko har ƙarshe, yana kallon takalminsa. Washegari aka raɗa wa yara biyu suna, aka yanka rago ɗaya. Mata suka zo barka, kowace ta ɗauki babbar ta yi mata wasa, ta leƙa ƙaramar ta ce Allah Ya raya, da irin muryar da ake yi wa mai jinya sannu.

Abin da zan faɗa yanzu ko uwata ban taɓa gaya wa ba. Bayan suna gajiya ta kama ni, ga ruwan zafi safe da yamma, ga manyan yara biyu, ga baki biyu a nono. Babbar in tana jin yunwa duk gidan sai ya sani. Ƙaramar ba ta kuka, kuma cokali uku sai ya ci mini rabin sa'a. Da farko ita nake fara ba. Sai na koma fara ba babbar don ta yi shiru, ta shanye wannan ta shanye wancan, in tatsa wa ƙaramar abin da ya rage. Daga nan in na duba na ga tana barci sai in ce kada in tashe ta. Na san an ce mini in tashe ta. Amma duk lokacin da na ɗauki cokalin sai in ji muryar nan ta bayan taga, duka biyun taka rasawa, sai in ajiye shi. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni na bari.

Ta rasu tana da kwana ashirin da shida, da hantsi, a kan cinyata, 'yar uwarta tana shan nono. Ban ma san lokacin ba sai da na taɓa ƙafarta.

A nan ne Baba ya yi abin da nake lissafa masa a alheri. Da aka naɗe ta, mijina ya miƙa hannu zai ɗauka, Baba ya ture hannun ya ɗauke ta da kansa, ya rungume ta har maƙabarta bai ba kowa ba. Da ya dawo ya kama 'yan shila biyu mafi ƙiba a ɗakin ya yanka, ya ba Gwaggo ta yi mini romo da kimba da masoro. Mako guda yana zuba gero bai ce uffan ba. A rana ta takwas na ji shi yana magana da wata tantabara da ya ɗauke wa ɗa, da wata murya mai laushi da ban san yana da ita ba.

"Haƙuri, uwaɗ ɗiya. Wanda bai zo zama ba, ko cikin bakinki kinka sa shi, ba shi zama. Ba laihinki na ba."

Na kifa kaina a katifa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Wannan ce ta'aziyyar da ya yi mini, kuma ita na riƙe shekara tara. In na tuna cokalin da na ajiye, sai in ce ai Baba ya faɗa, ba ta zo zama ba, kuma Baba ba ya ƙarya, hannunsa bai taɓa kuskure ba. In an ji sunan 'yata aka tambaye ta ina 'yar uwar haihuwarta, sai in ce leƙowa ta yi ta koma. Da maganarsa na yi barci duk shekarun nan. Shi ya sa da aka ce a yafe masa ban ga abin yafewa ba. Mai faɗin gaskiya mai ɗaci ne, shi ke nan.

To, ranar Alhamis aka yi sadakar uku, baƙi suka fi na ranar farko. Da hantsi mijina ya shigo da ƙannensa biyu, ya ɗauki ƙwaryar geron Baba daga inda take rataye. Ya tsaya a ƙofar ɗakin tantabaru ya kwaikwayi kiran da tsohon ke yi da harshe. Kwana da kwanaki ba wanda ya zuba musu abin kirki, don haka suka sauko gaba ɗaya suka bi gero har ciki. Ya ja langa-langa ya rufe.

Gwaggo ta fito da carbinta. "Mi za ku yi? Ku bar su ko arba'in shi yi."

"Baƙi muka ba abinci, Gwaggo."

"Ubanku ko sanyi bai yi ba cikin ƙasa. Abin da yaf hi so duniya na."

"Na sani," in ji mijina. "Ya taɓa kiran sunana kinka jiya? Ga Gurguwa nan, ta tashi ta yi mishi addu'a."

 Ni ma da na dubi fuskarsa sai na ji tausayinsa ya kama ni, mutum mai 'ya'ya huɗu yana kishi da tsuntsu. Suka yanka su ɗaya bayan ɗaya a gindin dalbejiyar nan, suka tara mana a daro. Mata muka zauna fige su. A hannuna 'Yar Ƙwanni ta faɗo, na gane ta da ɗigon fiffikenta. Da na tsaga jakar wuyanta sai wani farin abu mai kauri ya fito gauraye da gero, kamar kindirmo. Ban taɓa ganinsa ba, amma na sha jin Baba yana bayaninsa. Shi ne abin da iyaye ke ɗura wa 'ya'ya a kwanakin farko. Na ajiye wuƙa na tashi.

Ɗakin tantabarun ya yi tsit, sai gashi a ƙasa. A jikin bango kusa da wata tukunya na ga layukan gawayi sun tsaya a goma sha ɗaya, ranar da ciwo ya kwantar da shi. Na sa hannu ciki. 'Ya'ya biyu ne, tsirara sai ɗan gashi rawaya, jikinsu ya fara sanyi. Ranar awonsu ta faɗo ranar da aka kai shi kabari, shi ya sa suke biyu har yanzu. Ɗaya ya buɗe ido yana ɗaga kai. Ɗayan rabinsa ne, ido a rufe, wuyansa ba ya ɗaukar kansa.

Na ciro su. Ban ankara ba sai na ga ɗaya a tafin damana ɗaya a hagu, ina ɗaga wannan ina ɗaga wancan. Na tsaya ina kallon hannuwana kamar na wani. Katangar juji tana nan gabana, taku uku. Na kwance bakin zanena na cusa su duka biyu a ƙirjina na koma ɗaki.

Ɗan tantabara ba ya buɗe baki a zuba masa kamar sauran tsuntsaye, shi ke cusa bakinsa cikin na uwarsa ya sha. Wannan ma ta taga na ji shi. Na jiƙa gero, na tauna shi da ɗan gwaiduwar ƙwai har ya zama kunu a bakina, na kama bakin ƙaramin na sa tsakanin leɓɓana. Da farko bai motsa ba. Na shafa wuyansa da yatsa, na sake. Can na ji ɗan motsi yana ja. Ina taɓa jakar wuyansa don kada ta cika ta yi tauri. Sai da ya gama sannan na ba babban, wanda tun ɗazu yake tsiwa yana saran hannuna.

Haka na yi tun daga ranar, daga asuba zuwa isha, sau shida ko bakwai. Ƙaramin nake fara ba kullum. In yana barci in tashe shi. In ya ƙi in jira in sake. Na shimfiɗa musu auduga a ƙwarya, in sanyin safiya ya yi in mayar da su ƙirjina in ci gaba da aikina. Matan gidan suka samu abin dariya, wai matar ɗan fari ta zama tantabara, a nema mata tukunya. Mijina ya shigo wata rana ya tarar da bakin tsuntsu a bakina, ya tsaya ya duba cikin ƙwarya.

"Yad da ƙaramin ga," ya ce. "Ba shi tashi. Wahala kawai kika ba kanki."

Na ɗago na dube shi. Ya yanka tantabarun ubansa don ya huce, ga shi kuma maganar uban ce a bakinsa har da yadda yake karya wuya. Na ci gaba da ɗura wa ƙaramin, bakina cike da gero.

Amma kada wanda ya karanta wannan ya ɗauke ni mai tausayi. Ina ɗura wa ƙaramin da iyakar ƙoƙarina, ina kuma jiran ya mutu. Kowace asuba in zan buɗe ƙwaryar, zuciyata biyu take. Ɗaya tana so in tarar yana numfashi. Ɗayar tana so in tarar ya sandare, in ce to, ga shi na yi komai, ko cikin bakina na sa shi bai zauna ba, Baba ya yi gaskiya. Da ya mutu da na binne shi na wanke hannuna na koma barcina.

Bai mutu ba. A kwana na huɗu a hannuna ya buɗe ido. A mako guda ƙaya-ƙayan gashi suka huda fatarsa, ya fara ture ɗan uwansa in ya ga na zauna. A mako uku sai na duba da kyau kafin in gane wane ne ƙaramin. Babban ma bai rame ba, jira kawai ya koya. Suka fara tsattsagar gero da kansu a tsakar ɗaki, suka koma tashi daga gado zuwa taga. Ana saura kwana biyar arba'in ɗin Baba, da hantsi, suka fita suka hau katangar juji su biyu suna gyaran gashi.

Gwaggo tana tsakar gida tana tsinkar zogale. Ta ɗaga kai ta gan su, ta yi dariya irin wadda ba ta yi ba tun rasuwar.

"Kai, ɗiyata, Allah Shi yi maki albarka. Da Yaya na da rai da ya ga ƙaryatai. Shekara arba'in shina ciyad da kyanwoyi banza. Ashe ba wani nauyi, a tashe shi a ba shi kawai abin ka so."

Yabona take yi, ba ta san komai ba. Na ce amin. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, a daidai inda na zauna shekara tara da suka wuce, na daɗe ban tashi ba.

Na san tsuntsu ba mutum ba ne. Na san kwana in ya ƙare ko da kogin nono ba a ƙara shi, malamai sun faɗa kuma na yi imani. Amma abin da ke sa ni barci a da shi ne hannun Baba ba ya kuskure, ga kuskurensa nan bisa katanga yana gurnani. Ta yiwu da ƙaramar 'yata ta tashi. Ta yiwu da yanzu su biyu ke tafiya makaranta da hijabi iri ɗaya. Wannan "ta yiwu" ita ya bar mini gado, kuma ba ta da ranar ƙarewa.

Ina da ɗan rago da na kiwata da dusar gidan nan. Ranar arba'in da safe na ce wa mijina a yanka shi. Ya tambaye ni na mene ne, na ce sadaka. Aka yanka a gindin dalbejiya, aka raba. Na ji ta bayan katanga tsofaffin nan na kasuwar albasa suna sa mini albarka, wai suruka ta gari, ta yi wa tsohon abin da 'ya'yan cikinsa ba su yi ba. Ban gyara musu ba. Ragon sunan ƙaramar 'yata ne, ya yi lattin shekara tara.

Da la'asar na ɗauki ƙwaryar geronsa na zaga bayan ɗakina, wurin da yake tsayawa. Su biyun suka sauko. Na watsa musu, na tsaya ina kallon ƙaramin yana ci, sai na ji bakina yana magana da tsuntsu kamar yadda nasa ya saba.

"Ci abinka," na ce. "Mai gidanku ya ce ba ka zama. Ni ko na yarda da shi, don yarda ta hi sauƙi."

Na riga na ce na yafe masa a gaban mutane, kuma ba zan janye ba, sai dai yanzu ne na san abin da na yafe, kaya ne, kullum da safe sai na sake ɗaukarsa. Mutum ne mai tsare sallah, mai ciyar da gidansa, wanda bai taɓa barin tsuntsu da ƙishirwa ba, kuma ya ɗauki jikarsa zuwa kabari da hannun da ya auna ta.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da 'yar jikar nan tasa ta gaishe shi. Ranar da za a ɗora kowa a ma'auni, Allah kada Ya yi masa irin awon da ya yi, kada Ya duba sauƙin nauyinsa Ya jefar. Ni ma, in tawa ta zo, kada Ya yi mini.